Ƙafar da ta saki da ƙafar da ta sandare: abin da gudumar likita ke faɗa a Magarya da Dungas

Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, an ƙirga mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 daga cikinsu suka riga mu gidan gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da alƙaluman a watan Fabrairu. Gundumar Dungas ta fi kowa jin jiki, da mutum 342, fiye da rabin jimillar. Magarya ta ba da 38, amma biyar daga cikinsu ba su tashi ba. Ƙwayar da aka fi gani a ɗakin gwaji nau'in C ce, wadda allurar MenAfriVac da aka fara yi wa jama'a a 2010 ba ta tarewa, domin ita ta nau'in A ce.

Irin wannan rahoto gida biyu gare shi: waɗanda suka kamu, da waɗanda suka mutu. Ba a ware gida ga yaron da zazzaɓi ya saki, aka sallame shi, ya koma Dogo-Dogo ko Malawa a bayan kabu-kabu, sai bayan wata biyu uwarsa ta lura da kan yatsu yake taka ƙasa, diddigensa ya ƙi sauka. Hukumar da kanta ta ce cikin mutum biyar da suka tsira daga sanƙarau na ƙwayar bakteriya, ɗaya na iya ragewa da lahani mai daɗewa: kurumta, farfaɗiya, raunin gaɓa, ko naƙasun tunani.

A gida ba a cika rarrabewa ba. Ƙafa ta mutu, shi ke nan; wani ya ce Inna ce ta sha, wani ya ce iska ya taka, a nufi gidan mai magani. Alhali kuwa ƙafar da ta yi laƙwas da ƙafar da ta sandare cuta biyu ne masu nisa da juna. Inda ɓarnar take daban, magani daban, makoma ma daban. Abin da ke raba su shi ne irin riƙon da ƙwaƙwalwa ke yi wa laka, kuma wannan riƙo ana iya auna shi. Shekara 150 ke nan masana suna gyara ma'auninsa, daga gudumar roba har zuwa na'urar maganaɗisu.

Idan guduma ta sauka

Majon asibiti ya zaunar da majinyaci a bakin gado, ƙafafunsa na reto ba su taɓa ƙasa ba. Ya laluba da yatsa har ya sami jijiyar nan mai tauri da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, ya ɗaga ƴar gudumar roba, ya bar ta ta faɗi da nauyinta. Ƙafa ta harba gaba, ta dawo. Majinyacin bai yi niyya ba, sau da yawa ma har dariya takan kama shi.

Bugun ya ɗan fizgi tsokar cinya ne. A cikin tsokar akwai wasu ƙananan zaruruwa da ba su da aikin da ya wuce su ji an ja su. Da sun ji sai su aika saƙo ta jijiya zuwa ƙasan laka, a cikin ƙashin baya. A can saƙon ba ya jiran kowa: kai tsaye yake faɗawa kan ƙwayar jijiyar da ke umartar tsokar, ita kuma ta maido da umarnin a tsuke. Zuwa da dawowa wajen milisakan 20 ne, milisakan kuwa sakan ɗaya ne a raba shi gida dubu. Kafin labari ya kai ƙwaƙwalwa, ƙafa ta riga ta tashi. Likitoci biyu na Jamus, Wilhelm Erb da Carl Westphal, su suka fara bayyana wannan martani na laka a 1875, kowa da nasa rubutun, a fitowa ɗaya ta mujalla ɗaya.

Sai dai ƙwaƙwalwa ba ƴar kallo ba ce. Daga kowane ɓarinta, zaruruwan jijiya kimanin miliyan ɗaya ne ke gangarowa, galibinsu daga sashen da ke kula da motsi. A daidai ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da laka, wajen tara cikin goma suna tsallakawa ɗaya gefen; shi ya sa idan hawan jini ya fasa jijiyar jini a hagun ƙwaƙwalwa, ɓarin dama ne ke shanyewa. Wasu zaruruwan suna sauka kai tsaye kan ƙwayoyin da ke umartar tsoka. Mafi yawa suna sauka kan wasu ƙananan ƙwayoyi na tsakani, masu ƙara wa martanin laka ƙarfi ko su rage shi, wasu ma su tare saƙon tsoka tun a bakin ƙofa kafin ya isa inda za shi. Ga kuma wasu hanyoyin da ke tasowa daga gindin ƙwaƙwalwa, masu kula da tsayuwa da daidaiton jiki.

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Damagaram zai gane abin nan take. Laka doki ce mai ƙarfi, ta san tafiyarta. Ƙwaƙwalwa mahayi ce, kuma yawancin aikin mahayi riƙon linzami ne, ya saki nan ya ja can. Idan dokin ne ya karye, komai gwanintar mahayi ba inda za a je: ƙafa ta yi laƙwas, tsoka ta rame, guduma ta sauka shiru. Idan mahayin ne ya faɗi, dokin yana nan da ƙarfinsa, sai dai ba mai tsare shi: taɓawa kaɗan ƙafa ta yi tsalle, tsoka ta ɗaure, diddige ya ƙi ƙasa. Shan-inna doki take karyawa. Sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, da shanyewar ɓarin jiki, da wahalar haihuwar da ta hana jariri numfashi da wuri, mahayi suke kayarwa.

Akwai gwajin da ke fito da wannan riƙo fili, ba ya cin ko dala. Wani dattijo sai a buga masa gwiwa sau da yawa ba a ga motsi ba. Majo ya ce, "Baba, sarƙe yatsun hannuwanka ka ja da ƙarfi, kada ka saki." Yana cikin ja a sake bugawa, sai ga ƙafa ta harba. Ba abin da aka taɓa a ƙafar; ƙoƙarin da aka yi a sama ne ya canja abin da ke faruwa a ƙasa. Likitan Hangari Ernő Jendrassik ya bayyana dabarar a shekarun 1880, kuma wanda bai san ta ba yana iya rubuta cewa martani ya ɓace alhali yana nan.

A 1896 Joseph Babinski, almajirin likita Charcot a Paris, ya gabatar da wani ɗan bayani da bai cika shafi guda ba, wanda har yau ba likitan jijiyar da ba ya aiki da shi. A ɗauki makullin babur, a ja shi a gefen waje na tafin ƙafa, daga diddige zuwa gindin ƙaramin yatsa, a karkato ciki. Mai lafiya yatsunsa ƙasa suke lanƙwashewa. Wanda hanyar da ke saukowa daga ƙwaƙwalwarsa ta sami tangarɗa, babban yatsansa ɗagowa yake sama a hankali, sauran su baje. Jariri ma haka yake yi har ya shekara ko ya ɗara, domin zaruruwansa ba su gama samun rufin kitsen da ke sa saƙo gudu ba, saboda haka ba a yanke hukunci da wannan alama ga na goye. A ƙasarmu gwajin yana da tasa matsalar. Manomin da ya kwashe damina cikin gonar gero da riɗi ba takalmi, kaushi da faso sukan hana tafin ƙafarsa jin makulli. Sai a koma gefen ƙafa, ƙarƙashin idon sawu, inda fata ta fi taushi, dabarar da Charles Chaddock na Amurka ya kawo a 1911.

Abin da ido ya gani ana mayar da shi lamba. Sifili idan ba motsi, 2 idan daidai ne, 4 idan ya wuce kima har ƙafa na karkarwa. Karkarwar ana fito da ita ne ta hanyar tura tafin ƙafa sama da sauri a riƙe: sai ka ji tana bugun tafin hannunka a kai a kai, ba ta tsayawa sai ka saki. Taurin gaɓa ma yana da nasa ma'aunin, wanda Bryan Ashworth ya tsara a Ingila a 1964, daga sifili zuwa 4.

A nan akwai tarkon da ya kamata kowane ma'aikacin lafiya ya sani. A kwanakin farko bayan laka ko ƙwaƙwalwa ta ji rauni, martani yakan ɓace ɗungurungum, gaɓa ta saki tamkar ɓarnar a ƙasa take. Sai bayan kwanaki ko makonni ya dawo, ya yi ta ƙaruwa har ya wuce gona da iri. Ke nan gwajin ranar sallama rabin labari ne. Lambar tana magana ne idan aka ajiye ta kusa da ta wata guda baya.

Ƙafar da ake nema ruwa a jallo

Ƙafa mai saki tana da masu bibiyarta, kuma tsarin da masu yaƙi da shan-inna suka gina mata abin a yaba ne. Duk yaro ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, dole a kai rahoto. A ɗebi bayan-gidansa sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara shanyewar. A sa a akwatin sanyi, ya bi hanya zuwa Yamai, daga nan zuwa cibiyar Pasteur da ke Dakar. Idan akwai shakka, a koma gidan yaron bayan kwana 60 a duba ko raunin yana nan.

Wannan tsarin ne ya kama abin da ya faru a 2018. Tsakanin 18 ga Yuli da 16 ga Satumba, yara shida suka shanye a jihar Damagaram, Magarya na cikin inda abin ya shafa. Binciken ƙwayar shan-innar ya nuna dangin wadda aka gani a Jigawa da Katsina ce. Wanda ya san yankin ba zai yi mamaki ba: aure ɗaya ake yi, zumunci ɗaya, kuma ran Alhamis mutanen Dungas da dabbobinsu a kasuwar Maigatari suke wuni. Ƙwayar ba ta daji ba ce, wato ba ta asali ba. Raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon rigakafi ce, wadda idan ta sami garin da yara da yawa ba su karɓi ɗigon ba, takan yi ta yawo daga ciki zuwa ciki na tsawon watanni har ta maido da ƙarfinta. Inda aka yi wa kusan kowa, ba ta samun wurin yawo. Ya kamata a riƙa faɗa wa iyaye wannan ƙarara, domin yankin bai manta 2003 ba, lokacin da aka dakatar da rigakafi a Kano har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta bazu ƙasashe da dama. Sai a 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar daji.

Yawancin yaran da ake kai rahotonsu ba shan-inna ke damunsu ba, kuma a nan hannu da guduma suke aiki kafin sakamako ya dawo. Shan-inna takan zo da zazzaɓi, ta fi cin ƙafa ɗaya, yaro yana jin taɓawa sarai amma martani ya mutu. Akwai wata cutar da ke farawa daga ƙafafu biyu lokaci guda tana hawa sama, wadda likitocin Faransa Guillain, Barré da Strohl suka bayyana a jikin sojoji biyu a 1916. Aikin Strohl a ciki shi ne ɗaukar zanen martanin da na'ura, ya nuna ya yi rauni kuma yana makara. Ta uku kuwa hannun mutum ke jawo ta: allurar da aka soka a ɗuwawu ba a daidai wuri ba, ta sami babbar jijiyar ƙafa. Allurar kinin ta gurgunta yara da dama a Afirka ta Yamma ta wannan hanya. Ƙafa takan faɗi daga idon sawu, martanin gwiwa yana nan, na agara yana iya ɓacewa. Tambaya ɗaya ke tono ta: "Uwar yaro, an yi masa allura kafin ƙafar ta mutu? A wane gefe?"

A daidai makonnin da ake bin sawun waɗancan yara shida, asibitin Magarya yana cikin wani hali. Ƙungiyar likitocin Na-gari Na-kowa, MSF, wadda ke aiki a garin tun 2005, ta sanar a Satumban 2018 cewa yara 730 ne kwance a sashen yara, 208 daga ciki rai a hannun Allah, kuma kusan yara goma ke mutuwa kullum, galibi saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Daga cikin yaran da zazzaɓi ya hau wa kai suka suma suka farfaɗo, kimanin ɗaya cikin goma yakan bar asibiti da lahanin da ido ke gani a jijiya. Ba na ganin laifin masu yaƙi da shan-inna ko kaɗan. Aikinsu ma hujja ne cewa ana iya bin yaro ɗaya har ƙauyensu, a rubuta halin ƙafarsa, a dawo bayan wata biyu. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙafar da ta sandare, wadda yau ta fi yawa nesa ba kusa ba, ba ta da mai yi mata wannan zirga-zirga.

A ɗakin bincike

Guduma tana da iyaka. Bugun wannan ma'aikaci ba ɗaya yake da na wancan ba, kuma 3 ɗin wani 2 ce a wurin wani. Masanin Jamus Paul Hoffmann ya nemo mafita a 1910, ya faɗaɗa ta a 1918: a tsallake tsoka, a taɓa jijiyar kanta da lantarki wanda aka san ƙarfinsa. A 1950 Magladery da McDougal na jami'ar Johns Hopkins suka sa wa abin suna martanin H, don tunawa da shi.

Ga yadda ake yi. Mutum ya kishingiɗa a kujera, an ɗaure ƙafarsa a kan faranti don kada ta motsa. An manna masa ƴan wayoyi biyu a sharaɓa masu sauraron lantarkin tsoka, an danna wata a lungun bayan gwiwa inda jijiya ta kusanto fata. A saki lantarki na milisakan ɗaya. Idan ƙarfin kaɗan ne, zaruruwan ji ne ke fara amsawa. Saƙo ya hau laka, ya dawo, bayan milisakan 30 ko kusa da haka tudu ya bayyana a allon kwamfuta. Tafiyar kusan mita ɗaya da rabi ke nan. A ƙara ƙarfi, sai wani tudun ya riga shi fitowa, a milisakan biyar, domin yanzu an taɓa zaruruwan umarni kai tsaye ba a bi ta laka ba. Shi ake kira M. Idan M ya kai ƙarshen girmansa, an san iyakar abin da tsokar ke iya bayarwa, sai a auna H da shi. Masu sandararriyar ƙafa rabonsu yakan yi sama. Ana barin sakan goma ko kusa tsakanin bugu da bugu, domin mahaɗar da ke cikin laka takan gaji idan aka matsa mata, kuma ana maimaitawa da yawa a ɗauki matsakaici.

Wannan ya auna ƙasa. Saura sama. Tun 1870 Fritsch da Hitzig suka nuna a jikin karnuka cewa idan lantarki ya taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwa, gaɓar ɗaya gefen tana motsi. A shekarun 1930 Wilder Penfield ya zana taswirar sashen a jikin mutane a Montreal, amma sai an buɗe ƙoƙon kai. A 1980 Merton da Morton suka ratsa ƙoƙon da lantarki ba tiyata, sai dai da zafi. Anthony Barker da abokan aikinsa na Shefild a Ingila ne suka warware matsalar a 1985: naɗaɗɗiyar waya a ɗora bisa kai, a sake mata wuta ta ɗan lokaci ƙanƙani, ƙarfin maganaɗisu ya ratsa ƙashi ya tayar da ƙwayoyin da ke ƙarƙashi. Mutum ya ji ƙas, babban yatsan hannunsa ya motsa bayan milisakan 20.

Haɗa biyun shi ne ainihin gwanintar, kuma a nan masu binciken Kopenhagen a Danmak, irin su Jens Bo Nielsen da Nicolas Petersen, suka yi fice tun farkon shekarun 1990. A rage ƙarfin maganaɗisun har ya zama shi kaɗai ba ya motsa tsoka. Saƙon yana sauka laka, amma ba a ganinsa. Sai a aika martanin H ya tarar da shi a can. Idan tudun H ya fi girmansa na kullum, saƙon ƙwaƙwalwa ya ƙara wa ƙwayoyin kuzari; idan ya ragu, danne su ya yi. Komai ya rataya ne a kan lokaci. Saƙon da ya taso daga kai ya fi na bayan gwiwa saurin isa, don haka akan riga sakin na gwiwa da milisakan biyu zuwa biyar domin su iso tare. Daga nan a riƙa matsar da tazarar kaɗan-kaɗan. Canjin farko da aka gani na hanya mafi sauri ne, mai sauka kai tsaye. Wanda ya biyo baya da milisakan ɗaya ko biyu ya bi ta ƙwayoyin tsakani ne, kuma sau da yawa dannewa yake yi. Na can baya kuma na hanyoyi masu jinkiri ne. Da agogo kawai, ba wuƙa, ake rarrabe hanyoyin da ke cikin lakar mutum yana zaune yana hira.

Abin da aka gano ya sauya yadda ake kallon lamarin. Riƙon ba tsayayye ba ne, aiki yake bi. Capaday da Stein sun nuna a Kanada a 1986 cewa a cikin taku ɗaya, martanin sharaɓa yakan girma lokacin da ƙafa ke ɗauke da nauyi, ya kusan ɓacewa lokacin da take sama. Idan mutum ya yi niyyar ɗaga tafin ƙafarsa, ƙwaƙwalwa tana aika umarni biyu: tsokar gaba ta ja, ta baya ta yi shiru. A wurin masu sandarewa umarni na biyun ne ke rauni, sai tsokoki biyu su yi ta jayayya, yatsu na jan ƙasa.

Wani binciken na Kopenhagen, na 2013, ya fi shafar yaranmu kai tsaye. An auna ƙafafun yaran da ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni tun suna jarirai, aka ga a yawancinsu taurin da hannun likita ke ji ba daga martanin laka yake ba: tsokar kanta ce ta taurare, tun kafin su cika shekara uku. Hannu ba ya iya rarrabe biyun da kyau. Bambancin kuwa na magani ne. Ƙwayar da ke kwantar da martani, irin su baklofen da diyazefam, ba za ta tsawaita tsokar da ta gajarce ba, sai dai ta sa yaro barci da kasala. Abin da tsoka ke so shi ne motsi, da tsayuwa, da taka ƙasa, tun da wuri.

Martanin kuma yana koyo. An auna ƴan rawar gidan rawa na masarautar Danmak a 1993, aka tarar martanin H nasu ya fi na sauran ƴan wasa ƙanƙanta, sakamakon shekarun horo. Jonathan Wolpaw na Albani a jihar New York ya nuna tun shekarun 1980 cewa biri, daga baya ɓera, yana iya koyon rage martaninsa idan ana ba shi lada, kuma idan aka yanke hanyar da ke saukowa daga sashen motsi na ƙwaƙwalwa, koyon ba ya yiwuwa. A 2013 Aiko Thompson da abokan aikinta suka gwada a jikin mutanen da lakarsu ta ji rauni ba ta tsinke duka ba: zama 30, sau uku a mako, suna kallon tudun H a allo suna ƙoƙarin rage shi. Kusan biyu cikin uku suka iya, kuma tafiyarsu ta ƙara sauri da daidaito. Mutanen kaɗan ne, amma hanyar ta buɗe.

Abin da zai shiga kati

Irin waɗannan na'urori ko a Turai a manyan asibitoci da jami'o'i suke, kuma ta maganaɗisu ana taka-tsantsan da ita ga masu farfaɗiya, wadda ta yawaita a cikin yaran da muke magana a kansu. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2017 ta nuna a ƙasashe matalauta ƙwararren jijiya ɗaya ne ga mutum miliyan guda, a ƙasashe masu arziki kuwa sama da 70. Magarya da Dungas, waɗanda gunduma ɗaya ce kafin a raba su a 2011, sun haura mutum 900,000 tun a ƙidayar 2012. Kowa ya yi lissafin da kansa. Ba ƙwararre ne zai duba waɗannan ƙafafu ba; majo ne, da ma'aikaciyar jinya, da mai sa-kai na ƙauye.

Amfanin ɗakin bincike a gare mu shi ne ya nuna abin da ya cancanci a duba, da lokacin dubawa. A ganina abu biyar sun isa, kuma za su shiga bayan katin asibiti: kwanan wata, lambar martanin gwiwa da agara a dama da hagu, inda babban yatsa ya nufa, ko ƙafa na karkarwa, da iyakar inda tafin ƙafa ke kaiwa idan aka tura shi sama a hankali, sannan da sauri. Gwajin ƙarshen nan shi ne ɗan abin da hannu ke iya yi don raba taurin tsoka da na martani: na martani da sauri yake kamawa, na tsoka kuwa ko a hankali yana nan. A rubuta ranar sallama, a sake bayan wata ɗaya ko biyu. Masu zuwa gida-gida ma akwai su. Tun 2013 ake raba wa yara ƴan wata uku zuwa shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓi kowane wata a damina, kuma Magarya na cikin wuraren da aka fara. Wanda ya shigo da magani yana iya cewa a tsayar masa da yaron da ya taɓa suma, ya ga ko diddigensa na taɓa ƙasa. Shirin kawar da sanƙarau nan da 2030, wanda ƙasashen duniya suka amince da shi a Nuwamban 2020, ɗaya daga ginshiƙansa biyar shi ne kula da waɗanda cutar ta bari da lahani. Alkawari ne da aka riga aka ɗauka.

Manya ma suna ciki: mai hawan jini da bakinsa ya karkace, ɗan kabu-kabun da ya faɗi a kan wuyansa, mai haƙar rijiya. Akwai kuma wanda guduma ke iya ceto ƙafafunsa baki ɗaya. Tarin fuka ba huhu kaɗai yake ci ba, yakan shiga ƙashin baya ya rubar da shi. Mutum ya yi watanni da ciwon baya, yana ramewa, yana gumin dare, wani ƙullutu ya fara fitowa a gadon bayansa. Ƙashin da ya rufta da ruwan ciwon da ya taru suna matse laka sannu a hankali. Tun yana tafiya da ƙafafunsa, martanin gwiwa ya riga ya haura zuwa 3, babban yatsa ya fara ɗagowa. Idan aka kama shi a wannan gaɓa aka tura shi babban asibitin Damagaram a ɗauki hoto, aka ɗora shi kan maganin tarin fuka, wanda kyauta ake bayarwa, na wata tara zuwa shekara guda, mafi yawan irinsa ƙafafunsu suna dawowa. Wanda aka bari sai da fitsari ya fara kufce masa, tiyata yake bukata, kuma ko an yi ba lalle ne ya sake miƙewa ba.